Albaniya: ƙasar da ta buɗe kasuwa kafin ta gina kotu

A watan Nuwamban 1996 wani kamfani mai suna Xhaferri ya yi wa mutanen Albaniya, ƙasar da ke kudu maso gabashin Turai, alkawarin cewa duk wanda ya kawo kuɗinsa ajiya, bayan wata uku zai karɓi ninkinsa uku. Kishiyarsa Sudja, wadda wata tsohuwar ma'aikaciyar masana'antar takalma take gudanarwa a Tirana, babban birnin ƙasar, ta ce ita wata biyu ma ya ishe ta ta ninka uwar kuɗi. Lissafin ba ya buƙatar digiri: ninki biyu duk bayan wata biyu yana mayar da lek 1,000 (lek shi ne kuɗin ƙasar) ya zama 64,000 a shekara guda, ninki uku duk bayan wata uku kuwa 81,000. Babu gonar da take ba da wannan riba, babu masana'anta, ko fataucin haram bai kai nan ba. Duk da haka manoma suka kora shanu da tumaki kasuwa, 'yan birni suka sayar da gidajen da gwamnati ta mallaka musu shekara uku kacal da suka wuce, 'yan ci-rani suka aiko da guminsu daga Girka da Italiya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar sun zuba kuɗi, kuma bashin da ke kan waɗannan kamfanoni ya kai dala biliyan 1.2, kusan rabin duk abin da ƙasar take samarwa a shekara.

Bayanin da aka fi yi shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala, ga kuma jahilcin mutanen da suka yi shekara 45 ba su san kasuwa ba. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, kuma ina ganin zalunci ne ga waɗanda suka yi asara. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana ɗaukar bulo a Atina, babban birnin Girka, ya san darajar kuɗi fiye da kowa. Abin da ya faru shi ne ya dawo da kuɗinsa ƙasar da ba ta da bankin da zai amince da shi, ba ta da takardar fili da za ta tsaya a gaban alƙali, ba ta kuma da alƙalin da ba a saye. A irin wannan wuri, wanda yake biyan riba kan lokaci duk wata, kuma ana ganin ministoci a wajen bikinsa, shi ne ya fi kama da hukuma. Wannan giɓi ne ya jefa Albaniya cikin wutar rikicin 1997, kuma har yau shi ne ma'aunin da ya kamata a auna ta da shi, ba yawan otal-otal na bakin teku ba.

Sai an san inda ƙasar ta fito. Enver Hoxha ya mulke ta bisa tsarin gurguzu daga 1944 har mutuwarsa a 1985. Ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, ya ɓata da Tarayyar Sobiyet a 1961, ya ɓata da Sin a 1978, har ƙasar ta wayi gari ba ta da aboki ko ɗaya. Tsarin mulkin 1976 ya haramta wa gwamnati karɓar rance daga waje. An haramta wa ɗan ƙasa mallakar mota. A farkon shekarun 1980 har 'yan dabbobin da suka rage a hannun manoma aka tattara aka mayar garken gwamnati, mutane da yawa suka gwammace su yanka nasu su ci. Siminti da ƙarfen da ya kamata a gina gidaje da su aka zuba wajen gina ramukan fakewa na yaƙi fiye da 170,000, don jiran harin da bai taɓa zuwa ba. A 1967 aka rufe masallatai da majami'u da zawiyoyi fiye da 2,000, aka ayyana ƙasar a matsayin marar addini, ta farko a duniya da ta yi haka.

Da abin ya tashi rushewa, cikin wata ashirin ya rushe. A Yulin 1990 mutane kusan 5,000 suka kutsa ofisoshin jakadancin ƙasashen waje a Tirana. A Janairun 1991 dubban mutane suka shiga masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar birnin suka yi salla ba tare da izinin kowa ba, 'yan sanda kuma ba su hana ba. A Fabrairu aka tumɓuke gunkin Hoxha. A Agusta jirgin ruwan dakon sukari mai suna Vlora ya isa Bari ta Italiya ɗauke da mutane kusan 20,000. Arzikin ƙasa ya faɗi da fiye da kashi 25 cikin 100 a 1991 kaɗai, hauhawar farashi ta wuce kashi 200 a 1992, shekarar da jam'iyyar Sali Berisha ta karɓi mulki, shi kuma ya zama shugaban ƙasa. Daga nan aka saki farashi, aka buɗe iyaka ga kaya, aka sayar da shaguna da gidaje. Daga 1993 zuwa 1996 tattalin arziki ya riƙa girma da kusan kashi 9 cikin 100 a shekara, masu ba da lamuni na ƙasashen waje suna ta yabo. Kallon kitse aka yi wa rogo.

Maganar fili ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin daga nan mafi yawan matsalolin suka samo tushe. A Yulin 1991 majalisa ta zartar da doka mai lamba 7501, wadda ta raba gonakin haɗin gwiwa ga iyalan da ke zaune a kowane ƙauye, bisa yawan kawunan gida, ba tare da duba wanda ya mallaki wurin kafin 1945 ba. Don a yi adalci sai aka kasa ƙasar gida-gida: mai ban ruwa, marar ban ruwa, gangaren dutse, gonar zaitun ko inabi, kowane iyali ya samu ɗan yanki daga kowane kashi. Niyyar mai kyau ce, kuma ta hana yunwa a shekarun farko. Amma sakamakon shi ne gona mai faɗin hekta ɗaya da 'yan kai, a warwatse wuri uku ko huɗu, wadda tarakta ba ta da inda za ta juya a cikinta, magudanan ban ruwan da aka gina don manyan gonaki kuma suka lalace saboda babu mai alhakin gyara su.

A duwatsun arewa mutane ba su ma bi dokar ba. Dattawa suka fito suka nuna iyakokin kakanni, kowa ya koma kan nasa. Sai a 1993 aka sake wata doka ta mayar wa tsofaffin masu dukiya abin da gurguzu ya ƙwace musu ko a biya su diyya. Ga shi kuma tun da aka ɗage takunkumin hana ƙaura, dubban iyalai daga arewa suka gangaro gefen Tirana, wurare irin su Bathore da Kamza, suka yi gini a filin da ba su da takardarsa. Sai ya zama fili ɗaya yana da masu shi uku: wanda dokar 1991 ta ba shi, jikan wanda aka ƙwace wa a 1946, da wanda ya riga ya kafa gida a kai. Kowanne yana da hujja. Banki ba ya karɓar irin wannan fili jingina, mai son kafa masana'anta ba ya saye, kuma shari'ar tana iya cin shekara goma. A 2006 aka kafa hukuma ta musamman don halasta gine-ginen da aka yi ba izini, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan dubbai. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa rashin biyan diyyar tsofaffin masu filaye cuta ce da ta game tsarin ƙasar gaba ɗaya.

Bankuna kuwa uku ne na gwamnati suke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na ajiyar jama'a, kuma basussukan da ba a biya ba sun yi musu katutu har babban banki ya ƙayyade musu yawan rancen da za su iya bayarwa. Aika kuɗi daga wani reshe zuwa wani yana cin kwanaki. Don haka mai son jari sai ya nemi dangi, mai rarar kuɗi kuma sai ya ba wani ɗan kasuwa da ya sani ya juya masa. Wannan harka ba damfara ba ce da farko, cike giɓi take yi. Manyan kamfanonin da suka fito daga cikinta, irin su VEFA da Gjallica da Kamberi, suna da wasu kadarori na gaske, shaguna da otal da jiragen ruwa, kuma ana kyautata zaton wani kaso na ribarsu daga fasa-ƙwaurin man fetur ne zuwa Montenegro ta tafkin Shkodra, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa Yugoslabiya takunkumi. Da aka dakatar da takunkumin a ƙarshen 1995, wannan ƙofa ta rufe.

Daga nan ne lissafi ya juya. Kamfanin da yake riƙe da ajiyar miliyan 100 yana biyan kashi 5 a wata, yana buƙatar miliyan 5 duk wata kafin a zo maganar uwar kuɗi. Idan sana'arsa ba ta kawo haka ba, hanya ɗaya ce ta rage masa: ya biya na farko da kuɗin na baya. Don na baya su zo da yawa kuwa dole ya ƙara riba, ƙarin ribar kuma yana ƙara yawan abin da zai biya a wata mai zuwa. A farkon 1996 manyan kamfanonin suka ɗaga daga kashi 4 ko 5 zuwa 6 a wata, wajen lokacin zaɓen watan Mayu zuwa 8, a Yuli Kamberi ya kai 10, a Satumba wani kamfani mai suna Populli ya wuce 30. Kashi 8 a wata, in an bar riba tana hawa kan riba, yana mayar da 100 ya zama 252 a shekara. Kashi 30 yana mayar da shi fiye da 2,300. Hawan ribar da jama'a suka ɗauka alamar ƙarfi ce, ita ce babbar shaidar cewa asusun ya fara ƙonewa. Xhaferri da Populli, waɗanda ba su da wata sana'a ko ta nuni, sun tara masu ajiya kusan miliyan 2 cikin 'yan watanni. Mai Xhaferri har ya ɗauko Mario Kempes, gwarzon Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 1978, ya horar da ƙungiyar ƙwallon garin Lushnja.

Laifin gwamnati a nan ba na rashin sani ba ne. Dokar banki ta Fabrairun 1996 ta ce banki ne kaɗai yake da ikon karɓar ajiya, amma babban mai gabatar da ƙara ya ƙi amfani da ita a kan waɗannan kamfanoni, aka fake da cewa rance suke karɓa ba ajiya ba. Babban banki ya yi gargaɗi, Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya suka yi, amma sai a Oktoba ministan kuɗi ya buɗe baki. An kafa kwamitin bincike a Nuwamba, bai taɓa zama ba. Wasu daga cikin kamfanonin sun ba jam'iyya mai mulki gudummawar yaƙin neman zaɓe, manyan jami'ai kuma suna halartar bukukuwansu a gaban talabijin. Talakan da ya ga haka ya karanta saƙon daidai yadda aka aiko shi: gwamnati tana bayansu.

Sudja ta kasa biya ranar 19 ga Nuwamba. A Janairun 1997 ita da Gjallica suka durƙushe, birnin Vlora, inda Gjallica take da hedikwata, ya kama da wuta. Kafin tsakiyar Maris gwamnati ta rasa iko da kudancin ƙasar, sojoji da 'yan sanda suka watse, aka fasa rumbunan makamai aka kwashe bindigogi fiye da rabin miliyan, gidajen yari suka buɗe. Mutane kusan 2,000 suka mutu. Ranar 28 ga Maris wani ƙaramin jirgin ruwa ɗauke da masu gudu ya nutse a mashigin Otranto bayan karo da jirgin sojan ruwan Italiya, fiye da mutum 80 suka halaka, da yawansu mata da yara. Sai da dakarun ƙasashen waje kusan 7,000 ƙarƙashin jagorancin Italiya suka shigo a Afrilu, aka yi zaɓe a ƙarshen Yuni, Berisha ya sauka. Wani kaso na bindigogin da aka kwashe ya tsallaka iyaka zuwa Kosovo, inda yaƙi ya ɓarke a shekarar da ta biyo.

Akwai abubuwa uku da aka yi daidai a cikin wannan ruɗani, kuma ba a cika ambatonsu ba. An riƙe asusun Xhaferri da Populli a bankuna, kusan dala miliyan 250, shi ya sa masu ajiya a waɗannan biyun suka samu kusan rabin kuɗinsu. Babban banki ya ƙayyade abin da za a iya cirewa a rana, don sauran kamfanonin kada su kwashe nasu su gudu. Na uku kuma, wanda ya fi ɗaci, gwamnati ta ƙi biyan diyya daga baitulmali. Na san yadda wannan yake a kunnen wanda ya sayar da gidansa, amma bashin da ya kai rabin arzikin ƙasa ba a biyansa sai da buga kuɗi, kuma buga kuɗi yana nufin a ɗora asarar a kan kowa, har da kashi ɗaya cikin ukun da suka ƙi shiga. Inda aka yi sake shi ne jinkiri: masu binciken asusu na ƙasashen waje da aka ɗauko don rushe sauran kamfanonin ba su kama aiki ba sai Nuwamban 1997, lokacin masu kamfanonin sun daɗe da ɓoye abin da za su iya ɓoyewa.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne a wannan labari. MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016 asalinta daga Rasha ne, inda Sergei Mavrodi ya yi irin wannan damfara a 1994, a wata ƙasar da ita ma ta fito daga gurguzu. Abin da Albaniya ta nuna shi ne haramci a takarda ba ya wadatarwa. Majalisarta ta haramta irin waɗannan kamfanoni a farkon 1997 ba tare da ta fayyace mene ne su ba. Abin da yake aiki shi ne hukuma mai ikon shiga ofis ta buƙaci littafin asusu tun kamfani yana ƙarami, ta tambayi daga wace sana'a ribar take fitowa, ta kuma rufe asusun a ranar da amsa ta gagara.

Kada a ɗauka Albaniyawa mutane ne marasa amana. Akasin haka ne. Dokar gargajiyar duwatsun arewa, wadda ake jingina wa Leke Dukagjini, ta tanadi cewa gidan mutum na Allah ne da na baƙo, kuma alkawarin da suke kira besa ana riƙe shi ko da rai zai tafi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu iyalai Musulmi da Kirista sun ɓoye Yahudawa a gidajensu, har ƙasar ta fita daga yaƙin da Yahudawa fiye da waɗanda ta shiga da su. A 1999 ta karɓi 'yan gudun hijirar Kosovo fiye da 400,000, mafi yawansu a gidajen mutane, shekara biyu kacal bayan nata bala'in. Ƙidayar 2023 ta nuna Musulmi sun ɗan haura rabin jama'a, in an haɗa da mabiya ɗariƙar Bektashiyya wadda hedikwatarta ta duniya take Tirana, sai Katolika kusan kashi 8 da Otodoks kusan kashi 7. Auratayya tsakaninsu abu ne da aka saba, kuma rikicin addini bai shiga ko tarzomar 1997 ba. Matsalar ita ce wannan amana tana aiki tsakanin dangi, maƙwabci da baƙon da ya shigo gida, ba ta kai ga ofis ba. Gurguzu, da 'yan leƙen asirinsa na Sigurimi da suka shiga kowane lungu, ya koya wa mutane cewa hukuma abar tsoro ce ko abar yaudara. Ita kuma dokar gargajiyar tana da ɗaya fuskar: ramuwar jini, wadda ta farfaɗo a arewa bayan 1991, galibi a kan rikicin fili da ruwa, daidai inda kotu ta gaza.

Shi ya sa nake ganin abu mafi muhimmanci da Albaniya ta yi tun 1991 ba shiga ƙungiyar NATO a 2009 ba ne, ba kuma zama 'yar takarar shiga Tarayyar Turai a 2014 ba. Gyaran shari'a na 2016 ne. A Yulin shekarar 'yan majalisa 140, babu wanda ya ƙi, suka gyara tsarin mulki don a tantance kowane alƙali da mai gabatar da ƙara, su kusan 800. Abu uku ake dubawa: dukiya, alaƙa da masu laifi, da ƙwarewar aiki, ƙarƙashin idon masu sa ido daga Turai da Amurka. Na farkon ne ya fi kayar da mutane, domin nauyin hujja a kan alƙalin yake: ga albashinka na shekara ashirin, ga gidajenka da na matarka da na 'ya'yanka, kawo takardar da ta haɗa su. Fiye da rabinsu an kore su ko sun ajiye aiki kafin a zo kansu.

Kuɗin da aka biya ba kaɗan ba ne. Kotun Tsarin Mulki ta yi fiye da shekara biyu, daga 2018 zuwa ƙarshen 2020, ba ta da isassun alƙalan da za su zauna. Kotun Ƙoli ta tsaya cik, shari'u fiye da 30,000 suka taru. Kuskuren a bayyane yake: an tsara yadda za a kori na banza, ba a tsara yadda za a horar da masu maye gurbinsu da sauri ba. Amma daga wannan gyara ne hukumar SPAK mai binciken manyan laifukan cin hanci ta fito a ƙarshen 2019. An ɗaure tsohon ministan muhalli Lefter Koka kan kwangilar injinan ƙona shara. An yi wa Berisha ɗaurin talala a Disambar 2023, an kama tsohon shugaban ƙasa Ilir Meta a Oktoban 2024, sannan a Fabrairun 2025 aka kama magajin garin Tirana, Erion Veliaj, na hannun daman Firaminista Edi Rama. Duk ukun sun musanta zargin, 'yan adawa kuma suna cewa siyasa ce. Kama na jikin mai mulki ya raunana wannan magana, ko da yake hukuncin ƙarshe ne zai nuna ko hukumar ta iya haɗa hujjar da za ta tsaya.

Tattalin arzikin yau ya bambanta ƙwarai da na 1996, kuma ba daidai ba ne a musanta hakan. Bankuna masu zaman kansu ne, akwai inshorar ajiya, baƙi fiye da miliyan 11 suka shiga ƙasar a 2024, ko da yake kaso mafi girma 'yan uwansu ne daga Kosovo. Mafi yawan wutar lantarkin da ƙasar take samarwa daga ruwa ne, musamman madatsu uku na kogin Drin, wato Fierza da Koman da Vau i Dejes, masu ƙarfin megawat 1,350 a haɗe. Shekarar da aka yi ruwa sai ta sayar wa maƙwabta, shekarar fari sai ta sayo da tsada, kamar yadda ya faru a ƙarshen 2021 da kuma 2022. Akwai ma'adinin kuromiyam a Bulqiza, man fetur a Patos-Marinza, da ganyayen magani da ake tsinkowa a duwatsu ana fitarwa har Amurka.

Abin da ya fi damuna shi ne darajar lek. A 2021 Yuro ɗaya lek 122 ne, a 2024 ya sauko kusan 100. Ƙarfin kuɗin ƙasa yana da daɗin ji, amma a dubi masana'antun ɗinki da takalma da suke yi wa kamfanonin Italiya aiki, waɗanda suka ɗauki dubban mata a Durres da Shkodra da Fier. A ɗauki misalin kwangilar Yuro 10 kan kowane takalmi: a 2021 lek 1,220 ne, a 2024 kuwa 1,000. A tsakanin nan mafi ƙarancin albashi ya tashi daga lek 30,000 zuwa 40,000. Kuɗin shiga ya ragu da kusan kashi 18, albashi ya ƙaru da kashi 33, mai ba da kwangila kuma yana iya komawa Tunisiya ko Masar. Manomin da yake fitar da tumatir da kankana ma haka abin ya same shi. Daga ina Yuron da ya cika kasuwa yake fitowa? Yawon buɗe ido da kuɗin 'yan ci-rani sun bayyana kaso mai yawa. Amma masana da dama a cikin ƙasar suna nuna yatsa ga benayen da suke tashi a Tirana da bakin teku, a ƙasar da mutanenta suke raguwa, da kuma rawar da gungun Albaniyawa suke takawa a safarar hodar iblis a Turai. Ƙasar ta zauna a jerin waɗanda ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram daga 2020 zuwa 2023, kuma ba a manta da ƙauyen Lazarat ba, inda sai da aka tura ɗaruruwan 'yan sanda a 2014 kafin a rufe gonakin tabar wiwi. Gidan da aka saya da tsabar kuɗi a jaka, a farashin da malamin makaranta ba zai iya biya ba ko ya yi shekara talatin yana tari, tambaya ɗaya yake tayarwa da ta 1996: wace sana'a ce ta haifi wannan kuɗi, kuma wa yake da ikon tambaya?

Matasa suna ba da tasu amsar da fasfo. A 1989 mutanen ƙasar sun kusa miliyan 3.2, a 2011 miliyan 2.8, a 2023 miliyan 2.4. A 1990 an haifi jarirai fiye da 80,000, a 2023 ba su kai 25,000 ba. A 2015 Albaniyawa fiye da 50,000 suka nemi mafaka a Jamus, a 2022 fiye da 12,000 suka tsallaka teku zuwa Ingila a ƙananan kwale-kwale, daga ƙasar da ba a yaƙi a cikinta. Otal-otal na bakin teku yanzu suna ɗauko ma'aikata daga Filifin da Indiya da Nepal. Ma'aikatan jinya suna koyon Jamusanci tun suna makaranta, har a 2023 gwamnati ta yi dokar da ta tilasta wa ɗaliban likitanci su yi aiki a gida na wasu shekaru ko su biya kuɗin karatunsu. Na fahimci dalilin dokar, amma jinkirta tafiya kawai take yi.

Gwamnatin Rama, wadda ta ci zaɓe karo na huɗu a Mayun 2025, ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar shiga Tarayyar Turai, kuma tun Oktoban 2024 aka fara buɗe babukan tattaunawa. Ina fatan ta samu. Sai dai aikin da ya rage ba mai ɗaukar ido ba ne. Rajistar filayen gaɓar tekun kudu, yankin Himara da kewayensa, inda ƙasa ta fi tsada kuma takardu suka fi cin karo da juna, ita ce aka fi jan ƙafa a kanta, yayin da manyan masu zuba jari suke samun izini na musamman cikin sauri. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin manoma a 2023 bayan binciken yadda aka raba kuɗin. A shekarar ce kuma, saboda ƙarancin alƙalai, aka rage kotunan matakin farko daga 22 zuwa 13, aka haɗe kotunan ɗaukaka ƙara shida suka zama ɗaya tak a Tirana. Birkilan da ya dawo daga Girka da ajiyar shekara ashirin yana son gina ɗan masaukin baƙi a filin mahaifinsa kusa da Saranda, idan wani ya fito da wata takarda a kan filin, sai ya yi tafiyar awa huɗu zuwa babban birni ya shiga layin da ake shekaru kafin a kira suna.